Diski guda ya mutu, na biyu ya zo da rami: yadda sake ginin RAID 5 ya kaya a wani biro a Maradi

Sarbar da zan yi magana a kanta, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ma'aikata duka, tana biron wasu ƴan kasuwa ne nan Maradi, masu shigo da shinkafa da man girki da sukari suna rabawa ƴan sari har ƙauyuka. Ba zan kama suna ba. Injin irin na shiga rak ne, mai gidan diski takwas, an cika shida da diski SAS, wato irin na sarba, tera 4 kowane, an ɗaure su RAID 5, wato tera 20 ke nan na amfani, tera 4 ta tafi wajen farite, lissafin kariyar da zan bayyana a ƙasa. An sayo shi na hannu ne, kuma diskokin nan shida duk rana ɗaya aka saka su, lambobinsu ma a jere suke kamar ƴan gida ɗaya. A cikin sarbar akwai lojisiyel ɗin lissafi da kwantabul ke aiki da shi, da faktir, da hotunan takardun duwan da ake sikanin, sai kuma bidiyon kamarorin magaza wanda shi ya cinye fiye da rabin wurin. Abin da kasuwancin ya dogara da shi na gaske, lissafi da takardu, bai kai jiga 400 ba.

Ga wanda bai saba ba, RAID 5 dabara ce mai sauƙi. Ana yanka bayanai gutsi-gutsi a raba wa diskoki, kowane layi kuma a ajiye mishi wani lissafi da ake kira farite. Ka ɗauka lambobi uku ne, 3 da 5 da 2, ka rubuta jimla 10 a gefe, in 5 ta ɓace kana iya gano ta daga sauran. Injin ba tarawa yake ba, wani lissafin kwamfuta da ake kira XOR yake yi, amma tunanin ɗaya ne. Sharaɗin kawai shi ne lamba ɗaya ce za ta ɓace a layi. In biyu suka ɓace a layi ɗaya to babu lissafin da zai maido su. Tun 1988 Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Kalifoniya a Bakli suka rubuta takardar da ta raɗa wa abin suna, lokacin yawancin diskoki ba su wuce ƴan mega ɗaruruwa ba, kuma yawancin matsalar da zan faɗa ta samo asali ne daga cewa dabarar tana nan yadda take amma diskin ya kumbura dubban ninki.

Labarin bai fara ranar da diski ya mutu ba. Ya fara ne a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba Nijar, mu nan da layinmu daga Katsina yake shigowa kowa ya san yadda aka sha. Kafin nan sarbar kwana take a kunne. Da gazuwal ya zama abin lissafi sai aka ce grup ba zai kwana yana ci ba saboda kwamfuta guda, aka koma kashe ta da magariba a kunna da safe. Shawara ce da ba wanda zai ga laifinta a lokacin. Amma katin RAID ɗin, wato katin da ke cikin injin yana sarrafa diskokin, yana da wani aiki da yake yi a ɓoye, karatun sintiri, wanda a katunan Dell da Broadcom za ka gan shi da suna Patrol Read, a na HP kuma Surface Scan. Yadda suke fitowa daga kamfani, katunan MegaRAID suna tada shi duk awa 168, wato sati-sati, kuma an ba shi kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin katin. An tsara shi ne da tunanin injin da ba ya barci, ya yi zagayensa lokacin da ba kowa. To da aka koma kashewa da dare, sai sintirin ya rasa dare, duk zagayen ya faɗo cikin lokacin aiki, kwantabul ya buɗe faktir tana juyi, yaran kanti suna tsaye da direbobi suna jiran takarda. Aka kira wani mai gyara, ya shiga saitin katin ya ga abu na gudana, ya kashe shi, ya kuma kashe ƙararrawar katin da ke ƙara tana damun mutane. Injin ya ɗan sake, kowa ya ji daɗi. Kuran ya dawo a 2024 bayan an ɗage takunkumi, sarba ta koma kwana a kunne, amma ba wanda ya tuna ya maido da sintirin.

Me sintirin nan yake yi da har kashe shi ya zama magana? Diski yana iya samun gurbin da ya lalace ba tare da ya ce uffan ba. Ƙura ta shiga, ko kan da ke karatu ya ɗan goga faifai, ko an rubuta abu lokacin da injin ke girgiza, ko maganaɗisun wurin ya yi rauni da tsufa. Diskin shi kanshi bai san gurbin ya mutu ba sai ranar da aka ce ya karanto shi. Fayil ɗin da ake buɗewa kullum ba shi da wannan damuwar, da ya samu matsala katin zai gani nan take, ya lissafo abin daga sauran diskoki, ya sake rubutawa, diskin ya ɗauko gurbi daga ajiyarsa ya maye, ba wanda zai ma sani. Matsalar tana wajen bayanai masu sanyi, takardun shekara uku da suka wuce da ba mai taɓawa. Sintiri shi ne ke bi gurbi-gurbi yana karanta har wuraren da ba a zuwa, don a tarar da ɓarnar tun sauran diskoki biyar suna da lafiyar da za su gyara ta. Kuma abin ba ƙage ba ne, akwai binciken da aka fitar a 2007, masu bincike na jami'ar Wiskonsin da kamfanin NetApp suka duba diski miliyan 1.53 na tsawon wata 32, suka tarar kashi 3.45 cikin ɗari sun samu irin wannan ɓoyayyen gurbi, a diskoki masu arha irin na ajiya abin ya kai kashi 8.5, kuma sama da kashi 60 na kurakuran sintiri ne ya tono su ba aikin yau da kullum ba. Sun kuma ga cewa kurakuran ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, inda ka samu ɗaya akwai ƴan uwansa kusa.

Ni an kira ni ne cikin zafin Afirilu, wai sarba ta yi nauyi har ba a iya aiki. Ɗakin da take ciki wani ɗan lungu ne bayan biron kwantabul, klim ɗin ya daɗe da daina sanyi sai iska, an jingina katon-katon na tsofaffin rasit a gaban injin. Da na janye su sai ga fitilar diski na uku tana ruwan lemu. Matatar gaba ta toshe da jar ƙura, in ka shafa yatsa sai ta yi layi. Diskokin suna nuna zafi tsakanin 51 da 54, ba su ƙetare iyakar da kamfani ya rubuta ba amma suna bakin gaɓa. Na buɗe jurnal ɗin katin, nan na ga abubuwa uku. Diski na uku ya fita tun sati biyar da suka wuce, tun lokacin injin yana tafiya a gurgunce, duk karatun da ya faɗa kan wancan diski sai an karanto biyar an yi lissafi, shi ya sa nauyin. Zagayen sintiri na ƙarshe da ya kammala tun 2023 ne. Abu na uku kuma, wanda ya fi ba ni haushi, batirin katin ya kumbura ya mutu tun tuni, katin ya daina amfani da ma'ajiyarsa ta wucin gadi wajen rubutu, kowane rubutu sai ya jira faifai. Wato wani babban kaso na nauyin da aka ɗora wa sintiri laifi tun farko, na batir ne, ƙararrawar da aka kashe ma shi take faɗa.

Babu diskin ko-ta-kwana a ciki, gida biyu wayam. Kwafin ajiya kuma wani diski ne na USB a durowar kwantabul, na ƙarshe da aka yi tun kafin azumi.

Alhaji mai kasuwancin ya ce a sayo diski yau a saka a gama. Na ce Alhaji, ranka ya daɗe, kafin a saka komai a bar ni in kwashe lissafi da takardu tukuna. Wannan wuri ne da masu sana'ar ke saɓani, wasu na cewa kwafin ma karatu ne, yana ƙara wa diskoki masu ciwo wahala, gara a yi maza a gina. Ni dai lissafina shi ne kwafin zai karanta jiga 400 ne, sake gini kuwa zai karanta tera 20 cif, domin katin RAID bai san fayil ba, bai san wurin da ke da kaya da wanda ba komai ba, duk gurbin da ke kan diskoki biyar ɗin sai ya bi. In akwai abin da zai ƙarasa wani diski to babban aikin ne ba ƙaramin ba. Aka tashi ma'aikata da wuri, aka tsayar da kamarori, na fara da rumbun bayanan lissafi, shi ya fita lafiya lau, na gwada buɗe shi a wata kwamfuta ya buɗe. Takardun sikanin kuma suna tafiya sai kwafi ya tsaya a dosiyen 2021, fayil goma sha wani abu suka ƙi karantuwa. Jurnal ya nuna diski na biyar ne ke maido kuskuren faifai. Tun nan na san ginin ba zai fita da tsabta ba.

Neman diskin ma wani labari ne. Na farko da yaron Alhaji ya kawo daga kasuwa tera 4 ne daidai, sabo a leda, amma SATA ne irin na kwamfutar tebur. Yana shiga gidan kam, amma katin ba ya yarda a cakuɗa SATA da SAS a rukuni ɗaya, kuma ko da ya yarda ban so, don diskin tebur in ya ci karo da gurbi mai wuya yana iya tsayawa yana ta gwadawa lokaci mai tsawo, katin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi, alhali na sarba yana haƙura cikin kamar daƙiƙa 7 ya ce wa katin ka gyara da kanka. Aka buga Kano, aka buga Yamai, a ƙarshe daga Yamai aka samu, aka sako shi a kar cikin kolis, sama da kilomita 600 yana shan gargada, na ce a naɗe shi da soso sosai. Sati ya kusa cika kafin ya iso.

Nan nake son a tsaya a yi tunani, don littattafan kamfanoni in suna maganar lokacin sake gini suna ƙirga awoyin da katin ke aiki ne kawai, kamar a ce diski ya mutu ƙarfe biyu, na ko-ta-kwana ya shiga ƙarfe biyu da minti ɗaya. A wajenmu lokacin haɗari kashi uku ne, lokacin da aka ɗauka kafin a lura, da lokacin da aka ɗauka kafin diski ya zo, sannan ginin kanshi. A wannan biro na farko sati biyar, na biyu kusan sati, na uku kusan kwana ɗaya. Duk surutun da ake yi kan na ukun, shi ne mafi ƙanƙanta.

Amma shi ma na ukun yana da nashi. Lissafin a takarda mai sauƙi ne, girman diski a raba da saurin rubutu. Tera 4 a kan mega 150 a daƙiƙa ya ba ka awa bakwai da rabi, in ba abin da ke damun injin. Da na saka diskin da safe aka ci gaba da aiki, Alhaji kuma ya ce kamarori ba za su sake kwana a kashe ba don an shigo da kaya, sai na zauna ina kallon lambar, kashi ɗaya cikin ɗari yana cin kusan minti 25. Kashi ɗaya jiga 40 ne, wato muna tafiya a kan mega 26 ko 27, ginin zai ci sama da awa 40. Dalili a fili yake, saitin gini yana kan kashi 30 da ya zo da shi, kamarori suna zuba rubutu ba tsayawa, kowane rubutu a RAID 5 kuma sai an karanta tsohon abu da tsohon farite kafin a rubuta sabbi, ga batir babu, kawunan diskoki suna ta kai da kawowa tsakanin gini da bidiyo. Awa 40 a Maradi cikin Afirilu kuwa ba za su wuce ba a ɗauke kuran ba, ondilar ɗin kuma, wato batirin da ke riƙe injin in kuran ya tafi, minti goma yake riƙewa da ƙyar. Katin yana iya ci gaba daga inda ya tsaya in an kashe shi da tsari, amma tsohon diskin da ya shekara biyar yana juyi, kashewa da kunnawa shi ne lokacin da ya fi son ya ƙi tashi. Muka yi yarjejeniya, a ƙara mai gadi guda na dare biyu a madadin kamara, a cika grup da gazuwal, a kawo fanka a buɗe ƙofar lungun. Na ɗaga saitin gini sama da aka tashi aiki. Lambar ta koma kashi ɗaya a minti biyar, kusan mega 130.

Yana kashi 60 da ɗoriya sai jurnal ya fara zubo layuka, diski na biyar ya kasa karanta gurbi, an sake gwadawa, ya kasa. Layin da abin ya shafa yanzu lamba biyu ne babu, ta diskin da ya mutu da ta gurbin nan. Tsofaffin katuna a nan suke jefar da ginin gaba ɗaya, wani lokaci har su fitar da diski na biyun, rukunin ya faɗi. Wannan katin irin masu hudawa ne, yana yi wa layin alama cewa ya mutu, ya rubuta hakan har a sabon diskin, ya wuce gaba. Da asuba ya kai ɗari, fitilu shida duk kore.

Koren nan shi ne abin da ya fi yaudara a dukan lamarin. Kwantabul ya shigo ya gani ya ce alhamdulillahi an gama. Amma ramukan suna nan, kuma yanzu sun zama na dindindin, sintiri ba zai gyara su ba don babu inda zai lissafo su, sauya diski na biyar ma ba zai gyara ba, ramin zai bi shi zuwa sabon. Da muka bi diddigi, yawancinsu sun faɗa cikin tsohon bidiyo da wurin da ba komai, waɗannan ba asara, sauran su ne fayilolin 2021 ɗin nan. Wasu an same su a diskin USB, wasu kwantabul ya tono takardunsu na asali a cikin katon ɗin da ke toshe wa injin iska aka sake sikanin, guda biyu kuma wakilin Alhaji na kan iyaka ya turo hotonsu ta WhatsApp. An yi sa'a, ba wani abu ba. Da ramin ya matsa kaɗan ya faɗa cikin rumbun lissafi, da maganar bashin ƴan sari ta zama rantse-rantse.

Akwai lissafin da ake yawan kawowa a nan, kuma yana da kyau a san shi amma kar a ɗauke shi kamar hukunci. Kamfanoni suna rubuta cewa diskin tebur zai iya kasa karanta bit ɗaya, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifiri 14 a bayansa, wato kamar sau ɗaya a tera 12.5, na sarba kuma ɗaya cikin 1 mai sifiri 15, kamar tera 125. In za ka karanta tera 20 don gini, da diskin tebur yiwuwar cin karo da kuskure ta kai kashi 80, da na sarba kusan kashi 15. Lambobin nan iyaka ce da kamfani ya ɗaukar wa kanshi, diski mai lafiya yakan fi haka nesa ba kusa ba, na sha ganin an karanta tera da yawa ba ko ɗaya. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne lokaci. Kurakuran taruwa suke, wata bayan wata, kuma abin da ke tantance nawa za ka tarar ranar gini shi ne yaushe rabon da a share. Wanda aka yi wa sintiri satin jiya, ɓarnar sati ɗaya ce ke jiransa. Wannan kuwa ta shekara da watanni ce.

Da na zo yi wa Alhaji bayani ya ce Malam, ni fa ban gane ba, an ce mini injin nan ko diski ya mutu ba abin da zai ɓace, shi ya sa na biya. Na ce Alhaji, buhunan da ke can ƙasan magaza, in ba a sa yara suna juya su ba, yaushe ake sanin gara ta ci? Ya ce ranar da aka zo lodi. Na ce to ranar lodi ce ta zo. Ya yi dariya ya ce to nawa ne.

Abin da aka yi bayan nan. Rami ba ya fita sai an rushe rukunin an sake kafa shi, don haka aka kwashe komai, aka rushe. Diski na biyar ban maida shi ba, duk da Alhaji ya ce ai ga shi yana aiki. Lambobin lafiyarsa sun nuna gurabun da aka maye suna ƙaruwa, kuma binciken da Google ya fitar a 2007 kan diski sama da dubu ɗari ya nuna cewa diskin da ya fara nuna kuskure a duban faifai ya ninka sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken nan dai ya kuma ce kashi 36 na diskokin da suka mutu ba su ba da wata alama ba sam a SMART, wato lambobin lafiyar da diski ke nunawa, don haka rashin alama ba shaidar lafiya ba ce. Akwai masu kafa hujja da shi su ce ai Google ya ce zafi ba ya kashe diski kamar yadda ake zato, to su ɗakunansu a sanyaye suke, ba lungu ba ne mai mataccen klim a bazara.

Sabon tsarin RAID 6 ne, farite biyu a kowane layi, diski shida sun ba da tera 16, ga na bakwai a zaune ko-ta-kwana. Alhaji ya yi ƙorafin an ƙara sayen diski kuma wuri ya ragu, gaskiyarsa, amma amfanin RAID 6 ba wai don diski biyu za su mutu rana ɗaya ba ne kawai, babban amfaninsa shi ne daidai abin da ya faru, diski guda ya mutu kuma an ci karo da gurbi mara kyau ana cikin gini, farite na biyu ya cike, ba rami. Bidiyon kamara an fitar da shi zuwa nashi akwatin, ba shi da abin yi kusa da lissafin kuɗi. An sauya batirin katin, an wanke klim, an maido ƙararrawa, an kuma sa injin ya riƙa aika saƙo in wani abu ya faru, don fitilar da ke bayan katon ba ta da amfani.

Sintiri ya koma, na sa shi ya tashi daren Asabar bayan an rufe, yana gamawa kafin Litinin. Na ƙara da ɗan uwansa da mutane ke ruɗawa da shi, duban daidaito, sau ɗaya a wata. Ba abu ɗaya ba ne. Sintiri tambayarsa ita ce gurbin nan yana karantuwa? Duban daidaito kuwa yana karanta layin gaba ɗaya ya sake lissafi ya ga ko farite ya yi daidai da bayanan. A garin da kuran ke tafiya ana tsakiyar rubutu, ga batirin kati matacce, ana iya rubuta bayani ba a kai ga rubuta faritensa ba, komai yana karantuwa lafiya amma lissafin ƙarya ne, ranar gini sai a gino shara ba tare da ko kuskure ɗaya a jurnal ba. Masu Linux da ke haɗa RAID da lojisiyel ɗin mdadm suna da irinsa, a Debian, wani nau'in Linux, ma yana tashi da kanshi Lahadin farko ta kowane wata. Sai dai a sani, in RAID 5 ya ga saɓani bai san wa ke da gaskiya ba, yawanci faritin yake sake rubutawa ya bi bayanan. ZFS, wani tsarin ajiyar fayil na daban, shi ne ya fi kyau a nan, shi yana ajiye wa kowane gutsi hatiminsa don haka ya san wane kwafi ne lafiyayye, kuma in zai sake gini wuraren da ke da kaya kawai yake bi. Na so in kai su can, amma in na yi tafiya wa zai riƙe, shi ya sa na bar su a kan abin da duk mai gyara a gari zai iya ganewa.

Wani abokin aiki ya tambaye ni me ya sa ban ce a sayi manyan diski uku ba a huta, tunda yanzu akwai na tera 20 har sama. Girma ya yi gaba ya bar sauri a baya, diskin tera 20 ko ya samu mega 250 daga farko har ƙarshe, wanda ba ya samu, sai ya ci awa 22, in ana aiki a kanshi kuwa maganar kwanaki ce. Manyan akwatunan kamfanoni sun kauce wa wannan ta hanyar barbaza farite da wurin ko-ta-kwana a kan diskoki da yawa, sai duka su taru su yi ginin maimakon a tsaya jiran diski ɗaya ya shanye rubutun, OpenZFS, wani reshen ZFS, shi ma ya kawo irin wannan a 2021 da suna dRAID. Amma wannan sai mai diski gommai. Mai gida takwas da grup ɗin da ake auna wa gazuwal, ƙananan diski sun fi mishi.

Kwafin ajiya yanzu kullum dare ne zuwa wani akwati a ɗaya biron, da diskin USB biyu da ake musanya, ɗaya yana kwana gidan Alhaji. Saura tsofaffin diski huɗu ƴan gida ɗaya da waɗanda suka mutu, ba kuɗin sauya su lokaci guda, kuma ban ma so a sayo su rana ɗaya daga hannu ɗaya a maimaita abin da aka yi. Muna cire ɗaya duk bayan wata biyu, bayan sintiri da duban daidaito sun wuce ba kuskure, ranar Asabar da dare, ginin yana cin awa tara zuwa goma. Zagayen sintiri na biyu bayan gyaran ya tono gurabu uku a diski na ɗaya ya gyara su da kanshi, don haka shi aka sa a gaba a layin fita.